Rawar Bale Za Ta Iya Ɗaukar Rayuwar Caravaggio Kuwa?

Malam_Tanimu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da nake so mu tattauna, musamman da masu bibiyar harkar zane da wasannin dandamali na Turai. Na kalli faifan bidiyon rawar bale (ballet, rawar dandamali ta Turai da ake yi da kiɗa ba tare da magana ba) mai suna Caravaggio, wadda Mauro Bigonzetti ɗan ƙasar Italiya ya tsara wa ƙungiyar Staatsballett Berlin, aka fara nuna ta a watan Disamba na 2008. Vladimir Malakhov ne ya fito a matsayin Caravaggio, mai zanen da aka sa wa rawar sunansa, Polina Semionova kuma ita ce babbar tauraruwa a cikin mata. Gwaninta dai akwai ta, ba mai musun wannan. Sai dai na zauna kallo ne da tsammanin zan ga rayuwar mutumin da ya yi kisan kai a Roma, ya gudu Napoli, aka ɗaure shi a Malta ya tsere, ya mutu yana da shekara 38 a kan hanyar neman afuwa, amma har aka tashi ba abin da ya nuna mini wane gari ake ciki ko wace shekara. A ganina aron sunan mutumin aka yi domin a jawo 'yan kallo, kuma rawa, tunda ba ta da baki, ba za ta iya ɗaukar rayuwa mai tarin rigima irin wannan ba. Mai hujjar da ta saɓa wa haka, ina sauraro.

Binta_Alkalami:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi nisa, ya kamata wani ya gabatar mana da mai zanen, domin ba kowa a cikinmu ya san shi ba, kuma da wuya mu auna ko an yi masa adalci alhali ba mu san abin da aka bari a baya ba.

Dan_Tarihi:
Malama Binta, sunansa na yanka Michelangelo Merisi, kuma ba shi ne Michelangelo mai sassaƙa wanda ya mutu a 1564 ba. An haife shi a 1571 a garin Caravaggio da ke arewacin Italiya, annoba ta kashe mahaifinsa a 1577, aka kai shi koyon zane wajen Simone Peterzano a Milan a 1584. Da ya isa Roma ya sha wahala, yana zanen furanni da 'ya'yan itace a shagon wani, har Kadinal Francesco Maria del Monte, wani babban limamin cocin Katolika, ya ɗauke shi ya ba shi masauki a gidansa. Sunansa ya fito ne a tsakanin 1599 da 1600, lokacin da ya yi zanuka biyu a kan rayuwar Matiyu, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa, a cocin San Luigi dei Francesi da ke Roma.

Daga nan ne kuma sunansa ya yawaita a takardun 'yan sanda. A 1603 Giovanni Baglione, wanda shi ma mai zane ne, ya kai shi ƙara saboda baitocin zambo. A 1604 Caravaggio ya jefi yaron gidan abinci da faranti a fuska, domin ya tambaye shi a cikin abincin da ya kawo wanne aka dafa da man shanu wanne da man zaitun, yaron ya ce ya sansana ya gane. A 1605 ya sari wani ma'aikacin shari'a, a shekarar kuma ya yi ta jifar tagar matar da ta ba shi haya. A ƙarshen watan Mayu na 1606 ya kashe Ranuccio Tomassoni a wani faɗa, aka yanke masa hukuncin da ya halatta wa duk wanda ya same shi a ƙasar Fafaroma ya kashe shi. Hali zanen dutse, domin ko da ya bar Roma bai daina ba.

Sani_Mai_Fenti:
Gyara kaɗan, Malam Dan_Tarihi. A Milan aka haife shi. An daɗe ana cewa a garin Caravaggio ne, sai a 2007 aka gano takardar baftismarsa a kundin wani coci na Milan. Caravaggio garin iyayensa ne, can ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa, shi ya sa sunan ya bi shi.

Maganar Malam Tanimu kuwa, ni a matsayina na mai riƙe buroshi ban yarda da ita ba. Abin da ya sa har yau ake ambaton wannan mutum ba jifa da faranti ba ne, domin masu jifa da faranti a Roma ta wancan zamani ba su ƙirguwa, kuma duk an manta da su. Abin da ya kawo shi ne yadda yake sarrafa haske. Yakan baƙanta bayan zanen gaba ɗaya, sannan ya saki haske daga gefe guda, daga sama, ya sauka a kan kafaɗa ko goshi ko tafin hannu, sauran jikin ya nutse cikin duhu. Wanda ya taɓa zama a ɗakin soro da tsakar rana, ƙofa a rufe, rana tana shigowa ta 'yar taga ta haska abu ɗaya tak, ya san abin da nake nufi. Har matar da ta ba shi hayar nan ta yi ƙorafin ya lalata mata rufin ɗaki, wasu masana kuma suna ganin domin aikinsa ya fasa shi. To wannan hasken ne Bigonzetti ya ɗauka, Carlo Cerri kuma, wanda ya tsara fitilu da dandamalin, ya mayar da jikin masu rawa abin da hasken yake sassaƙawa. Idan Malam ya sake kallo, ya lura da yadda Malakhov yake fitowa daga duhu, ba a ganin komai sai haƙarƙari da damtse. Wannan ba aron suna ba ne.

Malam_Tanimu:
Na ji bayaninka Malam Sani, amma abin da ka kwatanta salon zanensa ne, ba rayuwarsa ba. Da an ce mini rawa ce a kan zanukan Caravaggio da ban yi magana ba.

Kabiru_Makadi:
Ina so in shigo ta ɓangaren kiɗa, domin a nan ne nake ganin masu wasan sun yi tunani mai zurfi. Bruno Moretti ne ya tsara kiɗan, amma bai ƙirƙiro shi daga kansa kaɗai ba, ya ɗauko ne daga ayyukan Claudio Monteverdi ya sake gina su domin babbar ƙungiyar makaɗa. Monteverdi an haife shi a Cremona a 1567, ke nan shekara huɗu ya ba Caravaggio, kuma dukansu 'yan yankin Lombardi ne. Akwai ma inda hanyarsu ta gitta. Lokacin da limaman cocin Santa Maria della Scala suka ƙi karɓar zanen da Caravaggio ya yi na rasuwar Maryamu, saboda ya nuna ta kamar gawar talaka, ƙafafu a waje babu ado, Sarkin Mantua Vincenzo Gonzaga ne ya saye shi a 1607 bisa shawarar mai zane Rubens. Wannan sarkin shi ne ubangidan Monteverdi, kuma a fadarsa, a shekarar ta 1607, aka fara gabatar da wasan waƙe na L'Orfeo. Saboda haka mai asalin kiɗan da ake ji a rawar ya yi aiki ne a fadar da ta rataye zanen mutumin yana gudun hijira. Monteverdi ya yarda sauti ya yi karo da sauti idan baƙin cikin da ke cikin baiti ya buƙaci haka, har wani masanin ƙa'idar kiɗa mai suna Artusi ya yi masa raddi a rubuce, kamar yadda aka yi ta sukar Caravaggio a kan zana talakawa da dattin ƙafarsu. Wanda ya haɗa waɗannan biyun a dandamali ɗaya ya san abin da yake yi.

Barista_Nafisa:
Duk na karanta, amma akwai mutum ɗaya da kowa yake tsallakewa, wato Ranuccio Tomassoni. Saurayi ne mai mata, jini ya ƙare masa bayan sara a cinya. Ko musabbabin faɗan bashin caca ne a kan wasan ƙwallo, ko mace, ko gabar unguwa, kamar yadda masana suka yi saɓani, rai dai ya salwanta. Abin da ya dame ni da irin wannan wasa shi ne yadda ake mayar da mai laifi abin tausayi. Mai kallo yana ganin kyakkyawan jiki yana murɗewa cikin azaba, kiɗa mai ratsa zuciya yana tashi, sai ya fita da tunanin cewa duniya ce ta zalunci gwani. Ina goyon bayan Malam Tanimu, amma dalilina daban ne. Shi yana kukan an rage labari, ni kuwa ina kukan an rage laifi.

Dan_Tarihi:
Barista, maganarki tana da nauyi, kuma kisan ba abin musu ba ne, takardun hukuma sun tabbatar da shi. Sai dai a lura cewa faɗan taron dangi ne, mutum huɗu a kowane ɓangare, shi ma Caravaggio an ji masa rauni, kuma 'yan gidan Tomassoni su ma sanannu ne wajen riƙe makami a unguwar. Abu na biyu, hoton da muke da shi na halinsa ya biyo ta hannun mutanen da ba sa ƙaunarsa. Baglione, wanda ya kai shi kotu a 1603, shi ne ya rubuta tarihinsa aka buga a 1642. Bellori, wanda ya rubuta nasa a 1672, yana ganin salon Caravaggio ya ɓata harkar zane. Ba ina wanke shi ba ne, ina cewa ne ko wanda ya so ya ba da labarin dalla-dalla sai ya zaɓi bakin da zai saurara.

Hajiya_Mairo:
Ni tawa gajeriya ce. Duk wanda zai nemi faifan nan ya sani cewa tufafin masu rawar kaɗan ne ƙwarai, maza da mata, kuma akwai cuɗanya ta jiki sosai. Ya kamata a faɗi wannan tun farko, kada wani ya kunna a falo gaban yara saboda ya ji an ce tarihi ne.

Sani_Mai_Fenti:
Gaskiya ne Hajiya, wannan gargaɗi yana kan hanya, kuma kowa ya san abin da ya dace da gidansa. Dalilinsu na yin haka shi ne zanukan kansu cike suke da fata da jijiya, domin mutumin yakan tsayar da mutane na gaske a gabansa ya zana su kai tsaye a kan kyalle. Ba a sami zanen gwaji ko ɗaya na takarda da aka tabbatar nasa ne ba, sai dai 'yan layukan da yake karta wa a jikin fenti tun yana ɗanye domin ya tuna inda hannu ko kai yake. Haka kuma masu kallon zanukan su san cewa yawancinsu na coci ne, suna nuna Annabi Isa da Maryamu da manzanni bisa al'adar Katolika, wadda taron shugabannin cocin Katolika na Trent, da aka kammala a 1563, ya ƙarfafa, cewa a riƙa koyar da jama'a ta hanyar hoto.

Usman_Bature:
Gani ya kori ji. Lokacin da aiki ya kai ni Roma na shiga San Luigi dei Francesi. Zanukan suna wani lungu ne ta hagu, wurin da duhu, sai wani ya jefa kwabo a akwati fitila ta kama na ɗan lokaci, jama'a su yi tsit suna kallo, ta mutu, a jira wani ya sake jefawa. A zanen kiran Matiyu, mutane suna zaune a kan tebur suna ƙirgar kuɗi da tufafin zamanin mai zanen, haske ya ratso daga dama ya bi hannun da ke nuni. Abin da na lura shi ne kowa a cikin zanen an kama shi ne a tsakiyar motsi: wannan ya juya, wancan ya nuna ƙirji da yatsa, ɗaya bai ma ɗago kai ba. A cocin Sant'Agostino kuma, da ke kusa, akwai wanda mahajjata biyu suka durƙusa, tafin ƙafar namijin da datti yana fuskantar mai kallo. Mutumin da yake ba da labari da gwiwa da wuya da yatsa, ni ban ga abin da ya fi dacewa da shi kamar rawa ba. Wannan ita ce amsata ga Malam Tanimu.

Aisha_Jamus:
Ƙari a kan maganar Malam Usman, akwai dalilin da ya sa Berlin ba baƙuwa ba ce a wannan labari. Zanen farko da ya yi na Matiyu da mala'ika domin cocin San Luigi dei Francesi, wanda aka ruwaito cewa an ƙi karɓa, Vincenzo Giustiniani ne ya saye shi, daga baya tarin zanukan gidansu ya koma Berlin, kuma ana ɗaukar cewa ya ƙone a 1945 a gobarar da ta cinye ma'ajiyar da aka ɓoye zanuka a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Hotonsa na baƙi da fari kawai ya rage. Amma har yanzu gidan adana zane na Gemäldegalerie yana da wani shahararren aikinsa daga wannan tarin, na je na gan shi. Ita kuwa ƙungiyar rawar, a 2004 aka kafa ta bayan an haɗe ƙungiyoyin gidajen opera uku na birnin, Malakhov ne shugabanta na farko, saboda haka shi ya gayyato aikin kuma shi ya taka shi yana da shekara 40.

Kabiru_Makadi:
Zan koma kan asalin iƙirarin Malam Tanimu, cewa rawa ba za ta iya ɗaukar labari mai sarƙaƙiya ba. Wannan kam tarihi bai goyi bayansa ba. A 1978 Kenneth MacMillan ya tsara wa Royal Ballet ta Landan rawar Mayerling, a kan Yarima Rudolf mai jiran gadon sarautar Ostiriya, wanda aka tsinci gawarsa tare da ta masoyiyarsa Mary Vetsera a 1889. A cikinta akwai uwa da uba da mata da 'yan siyasa, kowa da sunansa, ana bin al'amura ɗaya bayan ɗaya har zuwa harbin bindiga. Ke nan da Bigonzetti ya so ya nuna Tomassoni da Malta da ya nuna. Zaɓi ya yi, ba gazawar rawa ba ce. Ana iya sukar zaɓin, amma a soke shi da sunansa.

Barista_Nafisa:
To ai ka ƙarfafa hujjata, Malam Kabiru. Idan yana da iko ya nuna wanda aka kashe a matsayin mutum mai suna amma ya ƙi, nauyin yana wuyansa.

Dan_Tarihi:
Ni abin da na fi jin takaicin rashinsa shi ne shekaru huɗun ƙarshe, domin a nan ne rayuwar da zanen suka zama abu ɗaya. Ya isa Malta a 1607, shugaban mayaƙan tsibirin Alof de Wignacourt ya karɓe shi, aka naɗa shi ɗan ƙungiyar a watan Yuli na 1608. A can ya yi zanen fille kan Yahaya Mai Baftisma, wanda faɗinsa ya haura mita 5, yana Valletta, babban birnin Malta, har yau, kuma shi kaɗai ne aikin da ya sa wa hannu, ya rubuta sunansa ne da jan fentin jinin da ke zuba daga wuyan. Wata guda bayan naɗin ya shiga wani faɗan, aka jefa shi kurkukun Sant'Angelo, ya tsere zuwa Sisili, a watan Disamba suka kore shi daga ƙungiyar. Ya bi ta Siracusa da Messina yana zane, ya koma Napoli a 1609, inda wasu suka tare shi a ƙofar wata mashaya suka yanke masa fuska. Akwai kuma zanen Dawuda riƙe da kan Jaluta, wanda ke gidan Borghese a Roma, inda fuskar kan da aka yanke tasa ce. Barista, mutumin da ya zana kansa a matsayin wanda aka fille wa kai, alhali hukuncin kisa yana bin sa, ban ce ya tuba ba, amma da wuya a ce bai san abin da ya aikata ba. Ya mutu a Porto Ercole ranar 18 ga Yuli 1610, yana ƙoƙarin komawa Roma da zanukan da ya yi niyyar bai wa Kadinal Scipione Borghese.

Binta_Alkalami:
Me ya kashe shi, tunda ba hukuncin aka zartar ba?

Dan_Tarihi:
Marubutan farko sun ce zazzaɓi ne. Daga baya wasu sun kawo maganar gubar dalma da ke cikin fentin wancan zamani, wasu sun ce raunin Napoli ne ya ruɓe, wasu kuma suna zargin ramuwar gayya. A 2010 wasu masu bincike sun ce sun gano ƙasusuwansa a Porto Ercole, amma masana tarihin zane da dama ba su gamsu ba.

Malam_Tanimu:
Na gode wa kowa. Misalin da Malam Kabiru ya kawo ya nuna rawa tana iya ba da labari, na karɓi wannan. Amma ku duba abin da ya faru a nan: sai da Malam Dan_Tarihi ya yi mana dogon bayani, Malam Sani ya fassara haske, Malam Kabiru ya fassara kiɗa, kafin wasan ya fara ma'ana. Kashi na farko, inda taron masu rawa suke cika dandamali da hayaniya irin ta titunan Roma, na fahimce shi ba tare da taimako ba. Kashi na biyu kuwa, inda aka koma mutum biyu ko uku cikin duhu, wanda bai san tarihin ba zai iya cewa labarin kowane mai baƙin ciki ne. Aikin da sai an karanta littafi kafin a gane shi, ina ganin da sauran gyara.

Sani_Mai_Fenti:
Malam, a yi la'akari da waɗanda aka yi wa wasan. Mutumin Italiya ya san Caravaggio tun yana makaranta, hotonsa ne ma a kan takardar kuɗi ta lira 100,000 kafin zuwan yuro. Tun baje kolin da masanin tarihin zane Roberto Longhi ya shirya a Milan a 1951, wanda ya dawo da martabarsa bayan an daɗe ana raina shi, labarin kisan da gudun ya zama abin da kowa ya haddace. Shi Bigonzetti haifaffen Roma ne, ya tashi yana ganin zanukan nan a coci. Da ɗan rawar Italiya Roberto Bolle ya taka rawar a Florence da Milan a 2025, ba na jin akwai wanda ya shiga zauren yana buƙatar a gaya masa wane ne Tomassoni.

Aisha_Jamus:
Wannan hujja ba ta zauna ba, Malam Sani, domin ba don Italiyawa aka tsara wasan ba. A Berlin aka fara shi, shekara 17 kafin abin da ka ambata, gaban 'yan kallon da ba su taɓa kashe lira ba, kuma an ɗauke shi a faifai ne domin a sayar wa duniya, har ya iso hannun Malam Tanimu. Idan sanin tarihin sharaɗi ne, to tambayar Barista Nafisa tana nan daram, kuma har yanzu ban ga wanda ya amsa ta ba.